Addu'a, Warkarwa da Gabagaɗi: Daga Urushalima Zuwa Kwarin Binuwai

Ina gaida na Mayo Gwoi da na Magami, da na Sabon Gari da Nukkai, da mutanen Kona. Ina gaida direbobin da suka kama hanyar Wukari ko ta Zing da rediyo a kunne. Gaisuwa ta musamman ga masu jinya, ku da kuke kwana a kan tabarma gefen gadon asibiti. Sannunku da ɗawainiya. Allah ya ba da sauƙi.

Yau za mu koma baya, kusan shekara 2,000. Za mu leƙa ikilisiya ta farko, wato taron masu bin Yesu Almasihu na farko-farko. Abu uku za mu duba: yadda suke addu'a, yadda suke da marasa lafiya, da yadda suke wa'azi ba tsoro. Maƙwabtanmu Musulmi da ke tare da mu, ku gyara zama. Tarihi ne, kuma ciwo da jinya ba su bar gidan kowa ba.

Abubuwan nan uku kamar duwatsun murhu suke. Ka zare ɗaya, tukunya ta kife. Ku riƙe wannan a zuci, mu shiga kashi na farko.

Kashi na farko: a bakin ƙofar Haikali.

Labarin yana cikin littafin Ayyukan Manzanni, sura 3 da 4. Bisa ga abin da ikilisiya ta gada, Luka ne ya rubuta shi. Luka kuwa likita ne. Manzo Bulus da kansa ya kira shi haka. Za mu dawo kan wannan.

Ƙarfe 3 na yamma ne a Urushalima, lokacin addu'a. Bitrus da Yohanna suna haurawa Haikali. A bakin wata ƙofa da ake kira Kyakkyawa akwai wani gurgu. Da gurguntarsa aka haife shi, ga shi ya haura shekara 40. Kullum sai a ɗauko shi a ajiye a nan ya yi bara.

Kun san irin zaman nan. Mai bara ba ya kallon fuskarka. Hannunka yake kallo, ko zai nufi aljihu. Kai ma da kake wucewa ba ka kallonsa. Ka jefa abin da ka jefa, ka yi gaba. Shekara da shekaru haka ake yi da mutumin nan.

Bitrus ya tsaya. Ya zuba masa ido, ya ce shi ma ya dube su. Ya gaya masa a fili cewa ba shi da ko kwabo. Sai ya umarce shi da sunan Yesu ya tashi ya yi tafiya. Bai tsaya ga magana ba. Ya sunkuya, ya kama hannun damansa, ya ɗaga shi. Ƙafafu da idon sawu suka yi ƙarfi. Mutumin ya shiga Haikali yana tsalle yana yabon Allah.

Nan da nan jama'a suka yi cincirindo a shirayin Sulemanu. Wata doguwar rumfa ce mai ginshiƙai a gabashin filin Haikalin. Kowa ya zura wa manzannin ido. Ku lura da abin da Bitrus ya fara yi. Ya ture yabon daga kansa. Ya ce ba ikonsu ba ne, ba kuma tsarkinsu ba ne ya tayar da mutumin. A ganina nan ne ma'aunin kowane mai addu'ar warkarwa, jiya da yau. Idan aka samu sauƙi, sunan wa ake tafiya da shi gida? Na Allah, ko na mai addu'ar?

Wa'azin bai ƙare ba sai ga firistoci da shugaban masu gadin Haikali da Sadukiyawa. Su wane ne Sadukiyawa? Wata ƙungiya ce ta manyan firistoci da masu faɗa-a-ji, waɗanda ba su yarda da tashin matattu ba. Ga Bitrus yana shelar Yesu ya tashi. Aka kama su, suka kwana a tsare. Amma Luka ya ce yawan mazan da suka ba da gaskiya ya kai wajen 5,000.

Washegari aka gurfanar da su gaban majalisar Yahudawa, kotun ƙoli ke nan ta al'ummar. Manyan firistoci Hanana da Kayafa suna nan. Gaban waɗannan ne aka kai Yesu ba da jimawa ba. Kuma wannan Bitrus ɗin ne ya yi musun Ubangijinsa har sau uku a daren da aka kai Yesu gabansu, farkon musun ma a gaban wata baiwa. Yau ga shi tsaye yana amsa wa manya ba rawar murya. Masunci ne, bai yi karatun malamai ba. Majalisa ta yi mamaki. Ta rasa ta cewa, don ga tsohon gurgun nan tsaye a gefensu. Sai suka ja musu kunne: kada su ƙara magana da sunan nan. Bitrus da Yohanna suka amsa cewa ba za su iya yin shiru a kan abin da idonsu ya gani, kunnensu ya ji ba.

Mu shiga kashi na biyu: addu'ar da aka yi bayan barazana.

Da aka sake su, suka koma wurin 'yan'uwa suka kwashe labari suka faɗa. Taron ya ɗaga murya ga Allah. To, me suka roƙa? Ku kasa kunne, don nan ne zuciyar shirinmu.

Sun roƙi Allah ya dubi barazanar da ake musu. Sun roƙi gabagaɗi, wato ƙarfin halin faɗin gaskiya a fili ba ɓoye-ɓoye. Sun roƙi Allah ya ci gaba da warkar da mutane. Shi ke nan.

Bari in maimaita. Ya dubi halin da suke ciki. Ya ba su gabagaɗi. Ya warkar da jama'a.

Yanzu ku dubi abin da babu a ciki. Ba su roƙi wuta ta cinye Kayafa ba. Ba su roƙi a ga bayan maƙiya ba. Ko sauƙin wahala ma ba su roƙa wa kansu ba. An yi musu barazana, su kuwa suna roƙa wa mutanen garin lafiya. Mu da muke kwana addu'a muna jifan maƙiya da wuta har asuba, yana da kyau mu aza tamu kusa da tasu mu gani.

Luka ya ce wurin da suke ya girgiza. Abin da ya biyo baya kuwa ya taɓa aljihu. Masu gonaki da gidaje suka riƙa sayarwa suna kawo kuɗin, ana raba wa mabukata. Barnaba, mutumin tsibirin Kubrus, yana cikinsu. Da gunaguni ya tashi cewa ana mantawa da gwaurayen da ke jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a je a yi ta addu'a kawai ba. Sun sa an zaɓi mutum 7 su riƙe aikin. Dukansu kuwa sunayen Helenawa gare su. Da alama ɓangaren da ya kawo kuka aka damƙa wa ludayin.

To, mene ne gabagaɗi a wurinsu? Tambayar tana da nauyi a gari irin Jalingo, inda majami'a da masallaci ke kallon juna, inda gida ɗaya za ka sami Kirista da Musulmi uwa ɗaya uba ɗaya.

Ku ji wani abu da ya faru a birnin Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yau. Bulus ya yi sama da shekara 2 yana koyarwa a can. Mutane da yawa suka bar tsafi. Kasuwar maƙeran azurfa, masu ƙera siffofin haikalin gunkiya Artimas, ta fara faɗuwa. Wani Dimitiriyas ya tayar da tarzoma, gari ya ruɗe. Magatakardan birnin ya fito don ya kwantar da hankali. Shi ba Kirista ba ne. Amma ya shaida a gaban taro cewa mutanen nan ba su yi wa haikali sata ba, ba su kuma zagi gunkiyar garin ba.

Kun ji? Shekara biyu ana wa'azin da ya girgiza birni, amma ko wanda ba ya tare da su ya ce ba su yi zagi ba. Istifanas, da ake jifansa da duwatsu, gafara ya roƙa wa masu jifan. Bitrus kuma a wasiƙarsa ya gargaɗi masu bi su ba da amsar bangaskiyarsu cikin tawali'u da ladabi. Saboda haka gabagaɗi ba zagi ba ne. Ba ƙarar lasifika a kunnen maƙwabci da tsakar dare ba ne. Gabagaɗi shi ne ka faɗi abin da ka gaskata, ka kuma yarda ka ɗauki tsadarsa a jikinka, ba ka ɗora wa wani ba.

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan addu'a, warkarwa da gabagaɗi a ikilisiya ta farko. Ga kashi na uku: kuɗi, da waɗanda ba su warke ba.

A Samariya an yi wani mai sihiri, Saminu. Ya ga abin da ke faruwa idan manzanni sun ɗora wa mutane hannu. Ya fito da kuɗi, ya ce a sayar masa da wannan iko. Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya, ya ce baiwar Allah ba ta sayarwa ba ce. Wannan ya ishe mu. Duk wanda ya yanka maka farashin addu'a, ko ya ce kwalbar mai ta dubu kaza ce za ta tashi ɗanka, to ba daga Bitrus ya koyo ba.

Yanzu ga wani gefe da ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Ba kowa ne ya warke ba. Littafin bai ɓoye ba.

Sarki Hirudus Agaribas ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Ya kama Bitrus ma, amma Bitrus ya kuɓuta cikin dare, lokacin da ikilisiya ke masa addu'a a gidan Maryamu uwar Markus. Ikilisiya ɗaya, sarki ɗaya. Ɗaya ya fita, ɗaya ya mutu. Abin dariya ma, da Bitrus ya ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar gidan, Roda, ta ruga ta faɗa, masu addu'ar suka ce ta zautu. Kun ga su ma mutane ne kamarmu.

Bulus ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Timoti, abokin aikinsa, yana fama da ciwon ciki da yawan laulayi, Bulus ya ba shi shawarar abin da zai riƙa sha. Shi kansa Bulus ya roƙi Allah sau uku ya raba shi da wata matsala da ke damunsa a jiki, ba a raba shi da ita ba. Kuma kun tuna wanda ke yawo tare da shi? Luka likita.

Don haka, 'yar'uwa da ke kwance, idan wani ya ce rashin bangaskiyarki ne ya hana ki tashi, kada ki ɗauki wannan kaya. Ba a faɗa wa Timoti haka ba. Baba mai hawan jini, mama mai ciwon sukari, ɗan'uwa mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau: a yi muku addu'a, ku kuma ci gaba da shan maganinku. Kada ku ajiye ƙwaya don wani ya ce an gama. Ku koma asibiti a gwada, likita ya faɗa da bakinsa. Zan sake faɗa: a yi addu'a, a sha magani. A wasiƙar Yakubu an ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Babu inda aka ce ya kori mai magani.

Kashi na huɗu: lokacin annoba.

Mu matsa gaba da shekara 200. Wajen shekara ta 250, wata muguwar annoba ta mamaye daular Rum, ta yi sama da shekara 10 tana kisa. Masana tarihi suna kiranta da sunan Sifiriyan, bishop na birnin Kartej a ƙasar Tunisiya ta yau, don shi ya bayyana alamunta: gudawa, amai ba tsayawa, jan ido, gyambo a maƙogwaro. Tsoro ya sa mutane suna gudun 'yan'uwansu. Ana fitar da masu numfashi a yar a titi.

Sifiriyan ya tara jama'arsa. Ya ce su yi jinyar kowa, har da waɗanda ba Kirista ba, har da masu tsananta musu. A Iskandariya ta Masar, Bishop Diyonisiyas ya rubuta yadda masu bi suka yi ta jinya, da yawansu suka kamu suka mutu. Ba su da allura, ba su da ƙwaya. Me suke da shi? Ruwa, abinci, wanka, da zama kusa. Kada ku raina wannan. Mai gudawa da amai, ƙarewar ruwan jiki ke saurin kashe shi. Wanda ya sami mai ɗura masa ruwa kaɗan-kaɗan yana iya tsallakewa. Dalilin ke nan yau ma'aikatan lafiya ke nace mana da ruwan gishiri da sukari kafin a kai asibiti.

Shi Sifiriyan an fille masa kai a shekara ta 258, don ya ƙi yin hadaya ga gumakan Rum. Bayan shekara 100 da 'yan kai, a 362, Sarki Juliyan, wanda ya so ya farfaɗo da bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na arna. Wajen shekara ta 370 kuma Bishop Basil na Kaisariya, a Turkiyya ta yau, ya gina wata babbar unguwa ta jinya da masaukin baƙi da wurin kula da kutare. Ana lissafa ta cikin asibitoci na farko a tarihi.

To, mu dawo gida. Kashi na biyar: ikilisiya ta farko a kwarin Binuwai.

Mu ma muna da tamu ikilisiyar farko. A 1904 wasu mutum 4 na ƙungiyar mishan ta SUM, ƙarƙashin wani Bajamushe mai suna Karl Kumm, suka biyo kogin Binuwai suka sauka a Ibi, daga nan suka wuce Wase. Ɗaya daga cikinsu likita ne, Dakta Bateman. Ikon Allah, shi ne ciwo ya fara kayarwa, dole ya koma gida. A 1906 aka buɗe tashar mishan a Wukari.

A 1921 wata Ba'amurkiya, Johanna Veenstra, ta zauna a Lupwe kusa da Takum. Kafin ta taso ta koyi aikin ungozoma. Tana wa'azi, tana koyar da karatu, tana ba da magani, tana taka ƙafa zuwa ƙauyukan Kuteb. Ita ma ciwo bai ƙyale ta ba. Ta rasu a Vom a 1933, bayan an yi mata tiyata, ba ta cika shekara 40 ba. Daga wannan aiki ikilisiyar CRCN ta tsiro, wadda hedikwatarta ke Takum.

A wannan ɓangaren namu na Muri kuwa, Rabaran C. W. Guinter, wanda ya fara aiki a Wukari, ya haye zuwa Bambur a ƙasar Wurkun a 1923. Daga baya aka gina asibiti a Bambur aka sa masa sunansa. Wannan ne tushen cocin Methodist da muka sani a nan Jalingo. A 1955 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SUM suka haɗu a tarayyar da yau muke kira TEKAN.

Ban ce turawan mishan ba su da kuskure ba. Sun zo a zamanin mulkin mallaka, wasunsu kuma sun raina al'adun da ba su fahimta ba. Amma ku dubi tsarin tashoshinsu: ɗakin sujada, ɗakin karatu, ɗakin magani, duka a fili ɗaya. Kuma yawancin tafiyar ba baƙi ne suka yi ta ba. 'Ya'yan ƙasa ne, masu bishara da malaman aji da masu ba da magani, Jukun da Kuteb da Wurkun da sauransu. Su suka san harshe, su suka san hanya. Su ne kuma suka sha fushin dangi. Wanda ya ƙi shiga hidimar tsafin gidansu a wancan zamani yana iya rasa gado, ko a hana shi mata. Ba majalisar Urushalima ya fuskanta ba. Kawunsa ya fuskanta, a zauren gidansu. Wannan ma gabagaɗi ne, kuma ba ƙarami ba.

A yau ina ake ganin wannan gado? Ni dai na fi ganinsa wurin Zumuntar Mata. Ku dubi yadda suke yi idan wata ta kwanta. Da yamma sai ga su su huɗu ko biyar, da ɗaurin zane iri ɗaya. Ɗaya ta riƙo kwanon kunu. Ɗaya ta kunce bakin zane ta fito da abin da aka tara ranar taro, ta tura ƙarƙashin matashi ba tare da ta ce komai ba. Ɗaya ta ɗauki tsintsiya, wata ta kwashi kayan yara ta nufi bakin rijiya. Sannan babbarsu ta zauna bakin gado ta ce, “Mama, yaya jikin? Kin sha maganin rana?” Idan ba a je asibiti ba, ita za ta ce a nemo Keke Napep yanzu-yanzu. Kafin su tashi su yi waƙa a hankali, su yi addu'a. Idan maƙwabciya Musulma ce ta haihu ko ta kwanta, kwanon kunun nan yana shiga gidanta, kamar yadda nata ke shigowa namu ranar Sallah.

Dattawan ikilisiya da fastoci da ke saurare, ga roƙona gare ku. Idan aka kira ku addu'a gidan mara lafiya, ku tambaya ko an gwada jini. Mai ciki da ke zubar da jini ko kumburin ƙafa da ciwon kai, yaro mai zazzaɓi da ya fara sanƙarewa, wanda maciji ya sara a gona: waɗannan ba a kwana da su a majami'a. A sa su a mota, a yi addu'ar a hanya. Nan cikin gari muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, ga kuma ƙananan asibitocin unguwa. Idan kuɗin mota ne ya gagara, to baikon ranar Lahadi ya sami aikin yi.

Lokaci ya yi mana halinsa. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba yadda aka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa har aka buga shi cikakke a 1932, da dalilin da ya sa Hausa ta zama harshen sujada a wurin Mumuye da Jukun da Jenjo. Sai ku tara a daidai wannan lokaci.